Taimakon Malam Bar-Mini

Mijin yayata ya daɗe da rasa sunansa na yanka. Bar-Mini kowa yake kiran sa, domin ba a taɓa ambatar wani aiki a gabansa ya yi shiru ba. Famfo ya lalace, bar mini. Fanka ta tsaya, bar mini. Agogon bangon majami'armu jinkiri kaɗan kawai yake yi kafin ya sa masa hannu, amma tun daga ranar yake nuna ƙarfe huɗu, safe da yamma.

Da ikkilisiya ta zaɓe shi a tura shi aikin mishan wata ƙasa mai nisa, wasu suka ce kira ne daga sama, wasu suka ce dattawa ne suka gaji da sayen sabbin fankoki. A sujadar ban kwana ya hau mumbari ya buga ƙirji.

"Kafin shekara ta zagayo," in ji shi, "za ku ji ana neman filin ƙwallo a ara mini. Ɗaki ba zai ɗauke mu ba!"

Aka yi ta tafi. Don ya nuna ba dawowa zai yi ba, ya kyautar da babur ɗinsa, ya kyautar da gadonsu, har tukwanen Yaya bai bari ba. Abin da ya biyo baya daga bakin Yaya na ji shi, ita kuwa ba ta ƙara wa zance gishiri.

An sauke su a wani dogon bene mai iyalai da yawa, kowa da ƙofarsa. A ƙasa akwai shagon tela, kusa da shi kuma wani ɗaki da mishan ta kama musu don sujada, an jera kujerun roba farare. Harshen mutanen ƙasar bai ba shi wahala ba, ya koya kafin ya tafi. Halinsu ne ya ɗaure masa kai. Mutane ne masu sauri, gaisuwarsu kalma ɗaya da ɗaga gira. Shi kuwa sai ya tare mutum a matakala ya fara ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙarfin jiki, kafin ya kai ga tambayar yara mutumin ya riga ya hau mota. Ya gwada bin ƙofa-ƙofa. A buɗe masa kaɗan, ido ɗaya ya leƙo, a ce masa "ba ma saye," a rufe.

Haka watanni suka shuɗe, duk Lahadi Yaya kaɗai yake yi wa wa'azi. Kuma ba ya rage komai. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Na baya, kuna ji na?" Yaya ta ce ana ji. Ya ce kowa ya juya ya gaisa da na kusa da shi, Yaya ta juya ta kalli kujera.

Ana nan sai Baba Rabaran, dattijon da ke duba 'yan mishan na wannan yanki, ya bugo waya. Bai yi kwana-kwana ba.

"Ɗana, Lahadi mai zuwa ina nan tafe. In na tarar kujeru ne kawai suke sauraron ka, ku haɗa kaya ku koma gida."

Yaya ta ce ranar ta ga tsoro a idon mijinta. Ba komawar ce ta dame shi ba, fuskokin da suka yi masa tafi ne. Da wane ido zai kalle su? Ga shi ko gadon da zai kwanta ya yi kuka babu. Ya ƙi abinci, ya yi ta kai da kawowa a falo, can sai ya tafa hannu.

"Maman yara, na gano! Mutanen nan kunnensu a toshe yake, amma idonsu a buɗe. Daga yau na daina wa'azin baki. Wa'azin hannu zan yi. Taimako zan yi musu har kunya ta kawo su."

"Wa ya ce maka yana neman taimako?"

"Ai a nan hikimar take. Ba za mu jira a roƙa ba."

"Maigida, da mugun rawa gara ƙin tashi."

"Bar mini," in ji shi.

Washegari ya hau saman bene, inda duk mutanen gidan suke shanya, kowa da igiyarsa. Ya hango wani ɗan gajimare can nesa, wanda bai kai tafin hannu ba, ya ce ruwa ne tafe. Nan da nan ya kwashe shanyar gidan kaf, ya tara a falonsu, ya ninke tsaf. Sai da ya gama ninkewa ya tuna bai lura da wace igiya ce ta wa ba.

Yaya ta ce, "Ka mayar a igiya, kowa ya zaɓi nasa."

"Ina! Ai ni ido gare ni. Kallo ɗaya nake yi wa mutum in san awonsa."

Ya ɗauki kaya ya fara rabo. A hawa na biyu akwai wata mata mai jiki, ita ce Uwar Gida mai karɓar haya. Ya ƙwanƙwasa, ta buɗe, ya ware mata wani ƙaton mayafin tebur ya ɗaga a gabanta.

"Uwar Gida, ga siket ɗinki. Ina ganin faɗinsa na ce ba na kowa ba ne sai naki."

Ta dube shi, ta dubi mayafin. "Wannan na teburin cin abinci ne. Na mutum takwas."

"To, ai kin ga ban yi nisa ba. Ranar Lahadi ƙarfe goma muna ɗakin ƙasa."

"Zan zo," in ji ta tana huci. "Ka tabbata zan zo."

Ya sauko yana rawar kafaɗa, ya ce wa Yaya an samu mutum ɗaya. Ruwa kuwa ko ɗigo bai sauka ba. Har yamma ana jin mutane suna hawa da sauka a matakala, wannan riƙe da wandon da ba nasa ba, wancan yana tambayar wa ya ga rigar matarsa. Bar-Mini ya leƙa ya ce, "Kin gani? Mutanen da ba sa gaisawa, yau ga su suna zumunci."

A hawa na ɗaya akwai wata tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta jera tukwanen shuka a bakin ƙofarta. Da safe ya ga ta fita asibiti tana dogara sanda, tausayi ya kama shi. Ya tsuguna ya yi mata noma. Duk wani ganye mai muni, mai wari, marar fure, ya tuge shi ya zuba a shara. Ya bar wata ciyawa mai ɗan fure ruwan ɗorawa, har ya ba ta ruwa ya kafa mata tsinke.

Tsohuwa ta dawo ta tarar da shi yana kakkaɓe hannu yana murmushi.

"Ina ganyena?"

"Kaka, ciyawar? Na raba ki da ita."

"Shi nake dafawa in gasa gwiwata! Shekara da shekaru ina lallaɓa shi!"

"To wannan mai furen fa?"

"Wannan ce ciyawar, ɗan nema! Gwiwa ce ta hana ni tuge ta!"

"Kaka, kada ki damu. In don gwiwa ce, na iya tausa. Miƙo ƙafar."

Sandar ta riga ƙafar isowa. Ya kauce, ya ja da baya yana cewa Lahadi, ƙarfe goma, ɗakin ƙasa. Ta ce ko da rarrafe ne za ta zo. Ya koma ya gaya wa Yaya cewa tsohuwar nan ƙishin Maganar Allah gare ta, har ta yi alkawarin rarrafe.

Yaya ta ce, "Kai dai gwano ne, ba ka jin warin jikinka."

Akwai kuma Direba, mai tasi, wanda ke aikin dare ya yini yana barci. Bar-Mini ya ga motarsa a ƙofar gida ta yi ƙura, ya ɗauko bokiti da sabulu. Wankin ya yi kyau da farko, gaskiya. Sai ya ga wasu baƙaƙen zane a jikin ƙofar sun ƙi fita. Ya goga da tsumma, suna nan. Ya shiga kicin ya ɗauko soson ƙarfen da Yaya ke kankare tukunya, ya duƙufa, yana gumi yana waƙar yabo, har sai da ƙofar ta koma farin ƙarfe tana walƙiya. Ya zagaya ɗaya gefen ya yi mata haka. Da ya gama ya ga ai bai kamata mutum ya yi barci bai ga abin alheri ba, ya hau ya yi ta dukan ƙofar Direba.

Direba ya sauko da jajayen idanu, ya tsaya, ya zagaya motar.

"Ina lambata?"

"Wace lamba?"

"Lambar izinin ɗaukar fasinja! Wadda hukuma ta rubuta a ƙofa!"

"Au, rubutu ne? Ai kuwa ya ba ni wuya. Amma kada ka tashi hankalinka, ina da fenti. Faɗo mini lambar in mayar."

"Kada ka taɓa! Ko inuwarka kada ta sake faɗa wa motar nan!"

"Ɗan'uwa, barci bai ishe ka ba ne, shi ya sa. Ka zo Lahadi ka sami hutu."

"Ina zuwa. Har da ƙannena zan zo."

"Ka ji!" in ji Bar-Mini. "Ka kawo duk dangi, akwai kujeru."

Daga nan gidan ya shiga taitayinsa. Mutane suka fara leƙa matakala kafin su fito. Aka daina barin takalmi a ƙofa, tun da ya goge wa wani ma'aikacin banki fararen takalma da baƙin mai. Wata mata ta ɗauke kejin tsuntsunta daga baranda, amma ta makara, ya riga ya buɗe masa ƙofa don ya sha iska. Yara suka koyi yin fito in sun hango shi, sai ka ji sakatu suna ta ƙara daga sama har ƙasa. Shi kuwa ya ce kunya ce ta fara kama su.

Tela kaɗai ya tsira, don ba ya barin shagonsa ko na minti ɗaya. Ran Asabar ya yi kuskure. Yana wanke hannu a famfon tsakar gida ya yi tsaki ya ce, a ransa yake nufi amma ta fito fili, "Ruwan nan kullum kamar hawaye yake zuba."

Ya waiga, sai ga Bar-Mini a bayansa.

"Ban ce komai ba," in ji Tela da sauri. "Ruwan lafiya lau. Haka nake son sa. Ni mai son ruwa kaɗan ne."

"Bar mini."

"Don Allah, Malam, ina da iyali!"

Ina, ya riga ya yi sama da sifana a hannu. A saman bene akwai babban tanki mai ba gidan duka ruwa, da wani ƙaton bututu a gindinsa. Bar-Mini ya ƙwanƙwasa bututun, ya kara kunne kamar likita, ya ce a nan cutar take. Ya sa sifana ya murɗa, ya ƙi. Ya sa ƙafa ya taka sifanar, ya hau kanta da nauyinsa duka. Sai bututun ya amsa.

Yaya ta ce tana yanka albasa ta ji kamar an ɓalle kogi. Ta buɗe ƙofa, ga ruwa yana gangarowa a matakala, ɗauke da silifa, da kwandon shara, da tukwanen tsohuwa. A bayansu ga maigidanta yana saukowa a kan mazaunansa, hawa bayan hawa, sifana a sama, yana ihu, "Kowa ya kawo bokiti! Ruwa ya samu!"

Ruwan bai tsaya ko'ina ba sai shagon Tela. Ya shiga ƙarƙashin keken ɗinki, ya jiƙa yaduka, wani jan yadi ya zuba a kan fararen kayan mutane. Tela ya tsaya a tsakiyar shago, ruwa har idon sawu. Bar-Mini ya miƙe yana ɗigar ruwa, ya buɗe baki zai yi gayyata.

"Na sani," in ji Tela a hankali. "Ƙarfe goma. Ɗakin ƙasa."

Safiyar Lahadi babu wanda ya yi wanka a gidan, don tanki ya ƙafe. Baba Rabaran ya iso cikin baƙar kwat, ya leƙa ɗakin sujada, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Kujeru sun cika. Wasu a tsaye jikin bango, wasu a taga. Ƙannen Direba, ƙarti majiya ƙarfi, sun tare ƙofa sun harɗe hannu. Kowa fuska a ɗaure, kowa da ƙunshi a cinya.

"Ɗana," in ji Baba Rabaran, "ka yafe mini. Na yi maka mummunan zato. Dubi natsuwa! Har da kyautai suka zo."

Bar-Mini ya gyara wuyan riga. "Baba, ai wannan somin taɓi ne. Ina ma tunanin a fara tambayar filin ƙwallo."

Yaya ta ja shi gefe ta ce ya dubi idon mutanen nan da kyau. Ya ce ya duba, ƙishi ne.

Aka yi waƙa ɗaya, Baba Rabaran da Bar-Mini da Yaya kawai suka rera. Sai Baba Rabaran ya miƙe, farin ciki ya hana shi bin tsari, ya ce, "Kafin wa'azi, bari mu ji shaida. Wa zai tashi ya faɗi abin da bawan Allahn nan ya yi a rayuwarsa?"

Duk hannuwan ɗakin suka tashi lokaci ɗaya.

"Halleluya!" in ji Baba Rabaran. "Kaka, fara."

Tsohuwa ta miƙe da ƙyar, ta kwance ƙunshinta, ta ɗaga busasshen ganye. "Kafin mutumin nan ya zo, da sanda ɗaya nake tafiya."

"Yanzu fa, Kaka? Yanzu fa?"

"Yanzu da biyu."

Baba Rabaran ya sauke hannun da ya ɗaga. Kafin ya yi magana Direba ya tashi ya ce tun ranar da aka wanke masa mota bai ɗauki fasinja ba. Uwar Gida ta ware mayafin tebur ta ce a duba, a gaya mata tsakani da Allah ko ta kai haka. Mai tsuntsu ta ɗaga keji wayam ta fashe da kuka. Ma'aikacin banki ya ɗora takalmansa a kan mumbari. Tela ya ɗaga wata doguwar riga mai ja-ja da fari-fari kamar an yi yanka a kanta, ya ce ta amarya ce, kuma amaryar tana waje tana jira a gama sujada.

Bar-Mini yana ta ƙoƙari. "Baba, ka lura, duk sun san ni. Watanni nawa ba wanda ya san sunana?"

"Zauna," in ji Baba Rabaran.

"Kuma rigar nan in aka sami ruwan bilic mai cire tabo, ni da kaina..."

"Ka zauna!" ɗakin duka ya amsa.

Ya zauna. Yaya ta ce a nan ne ya sunkuyar da kai, ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Ta ji haushinsa, ta kuma ji tausayinsa, don ta san duk ɓarnar nan da zuciya ɗaya ya yi ta.

Baba Rabaran ya ba jama'a haƙuri, ya ce mishan za ta gyara abin da aka ɓata, wannan bawan Allah kuma gobe zai kama hanyar gida. Aka sauke ajiyar zuciya, har wasu suka fara tafi.

"Kuma ba za mu bar ku haka ba," ya ci gaba. "Ina da matasa shida da suka gama horo, jini a jika, ba sa gajiya. Su zan turo muku. Su ba sa jira a roƙe su. Kafin ku farka sun share, sun wanke, sun gyara duk abin da ya lalace a gidan nan."

Tafin ya tsaya cak.

"Shida?" in ji Tela.

"Shida."

"Kuma duk masu taimako ne?"

"Ai shi wannan ba komai ba ne a kansu wajen himma."

Direba ya dubi tsohuwa, tsohuwa ta dubi Uwar Gida. Suka haɗa kai a tsakiyar ɗaki suna ƙus-ƙus. Aka ji Tela yana cewa kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Aka ji Direba yana cewa wannan aƙalla an san takun sawunsa, yara ma sun iya yi masa fito. Can tsohuwa ta buga sandunanta biyu a ƙasa.

"Rabaran, mun yi shawara. A bar mana namu."

Bar-Mini ya ɗago kai.

"Amma da sharaɗi. Ba zai sake taɓa abin kowa ba. In ya fito daga ɗakinsa, hannu a aljihu. Mu kuma za mu riƙa zuwa nan duk Lahadi."

Baba Rabaran ya dube ta. "Kaka, don ku ji wa'azi?"

"Don mu san inda yake. Muddin yana kan mumbarin nan, kayanmu suna lafiya. Ya yi ta yi, kada ya gajarta."

Dattijon ya dubi kujerun da ya ce a cika, ga su a cike. Ya ce shekararsa da yawa a aikin nan bai taɓa ganin an kafa ikkilisiya ta wannan hanya ba, amma shi ba zai rushe ta ba. Ya juya ya ce, "Ɗana, hau ka yi wa'azi."

Bar-Mini ya hau da hawaye a fuska, hannu biyu a aljihu, har sai da Yaya ta zo ta buɗe masa shafin Littafi Mai Tsarki. Ya dubi jama'a, ya share maƙogwaro, ya ce, "Na baya, kuna ji na?" Karo na farko, na baya suka amsa. Daga nan ya ɓalle. Rana ta take, ta karkata, babu wanda ya motsa. Direba ya jingina da bango ya yi barcin da bai samu ba duk makon. Da Bar-Mini ya ce "a ƙarshe," tsohuwa ta ce bai yi bayanin tsakiyar da kyau ba, ya koma.

Da aka tashi, Baba Rabaran zai shiga mota sai Tela ya biyo shi da gudu, ya riƙe masa ƙofa, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, Lahadi dai mun samu lafiya. To sauran kwanakin fa? Ba ku da sujadar tsakiyar mako?"